Ranar da Aka Rage wa Lasifika Murya

Akwai wani mai gyaran waya da 'yan layinsu ke kira Lasifika, don in ya ce "sannu" sai jaririn maƙwabta ya farka. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai kamar me.

Benen da suke ciki gida goma sha shida ne, kowane gida da na'urar wayifai ɗinsa. Babbar yayar su Lasifika ta haihu a wata ƙasa mai nisa, Mama kuwa ba ta da buri sai ganin jikanta a bidiyo. Amma da an kira sai hoto ya daskare. Kwana tara, kunnen jaririn ɗaya kawai ta gani.

Lasifika ya ƙure ƙarfin na'urarsu. Maƙwabta suka ga tasu ta rikice, su ma suka ƙure. Abu ya ƙara dagulewa.

Autarsu mai karatun kwamfuta ta ce, "Yaya, na'urori sha shida ne ke ihu lokaci guda, wa zai ji wani? Bari in sa manhajar da nake haɗawa. Saurare take yi, ta koyi lokacin da kowa ke amfani, sai ta raba musu hanya."

"Ke da na goya? Inji ne zai koya mini aikina?"

Mama ta ce, "Ku ƙarata can, ni dai angona nake son gani."

Auta ta bi ƙofa-ƙofa ta nemi izini. Kwana uku manhaja na saurare, ba ta taɓa komai ba. Lasifika sai tsiya yake: "Ɗalibar taki ta ci jarrabawa, ko maimaita aji za ta yi?"

Rana ta huɗu manhajar ta ware wa kowane gida hanyarsa, ta kuma zaftare rabin ƙarfin na'urar Lasifika. Ya zabura zai mayar ke nan, sai kira ya shigo.

Ga jariri tar, yana barci.

Mama ta daɗe tana kallo, ta share ido da gefen mayafi. "Angona, ashe kana da kunne na biyu." Ta juyo kan Lasifika. "Shekara talatin ina cewa ka rage murya. Sai da inji ya faɗa."

Ya buɗe baki, ya kalli jaririn, sai ya sunkuya wajen Auta ya yi raɗa: "Malama, yaushe za mu fara darasi?"

Darasi: In kowa na ɗaga murya, ba wanda za a ji. Ka saurara tukuna, ka bar wa maƙwabci fili. Ku tura wa Lasifikan gidanku, kun san shi.