Shuɗiyar Wayar da Ta Kori Barkono Daga Gareji

Na rantse ko na dafa muku kan uwata ba za ku yarda da wannan ba. Ni da kuka sani, a aji uku na yi sallama da makaranta, amma a fagen tsokana ni ne shugaban malamai. To yau ga wanda ya fi ni.

Akwai wani bakanike da ake kira Barkono. Gajere ne, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Shi ne mai ɗaure wa mutum igiyar takalmi a ƙafar benci, mai zuba gishiri a shayin wanda ya juya baya. Idan an kama shi sai ya ce wasa ne. Ana ƙyale shi saboda shugaban garejin kawunsa ne, wan mahaifiyarsa, kuma shi ya kawo shi wurin.

Mutum ɗaya ne ba ya cin wannan wasa, Dogo mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin wutar mota. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, zagi a bakinsa kamar gaisuwa. Rumfar Dogo tana bakin ƙofa, duk motar da ta shigo shi take fara gani. Ta Barkono kuwa tana can baya, kusa da kwata, inda ake zubar da baƙin mai. Kullum Barkono cewa yake wayarin ba sana'a ba ce, kowane makaho zai iya haɗa ja da baƙi. Dogo kuma ya ce ai gara makaho da wanda ke ɗaure noti da baki.

A garejin nan akwai doka guda: duk wanda ya lalata motar mutane ya kasa gyarawa, ya kwashe kayansa.

Wata rana wata mata ta kawo motarta. Gwaggon Yara ake ce mata, don da motar take kai yaran unguwa makaranta ta ɗauko su, da ita take ci da kanta da marayunta. Fitilun gaba ne suka mutu. Dogo ya gyara, ya tafi cin abinci, ya bar bonet a buɗe.

Sai ga Barkono yana fito, kamar mai wucewa.

A jikin injin akwai bututun da mota ke shaƙar iska, manifol. A gefensa akwai wani ɗan abu kamar batirin tocila, solonoyid, shi ke buɗe ƙofofin iska idan an taka mota. Wayoyi biyu ke kai masa wuta, a naɗe cikin baƙin tef tare da 'yan'uwansu. Barkono ya warware tef ɗin ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ya sa reza ya yanke shuɗiyar, ya bar silin tagulla ɗaya tak yana riƙe. Ya mayar da tef tsaf, ya ci gaba da fitonsa.

Mota ta fita lafiya. Ba a jima ba ta fara halinta. Yau ta ja, gobe ta shaƙe. Fitilar inji ta kama. Ranar da abin ya ƙazanta, Gwaggon Yara ta fito za ta wuce wata tirela, yara cike a baya, ta taka, mota ta ƙi amsawa, ga wata tana tahowa ta gaba. Da ƙyar ta faɗa gefen hanya. Yara suka kai labari gida da kuka. Washegari rabin iyayen suka ce ba sa so, 'ya'yansu ba na sayarwa ba ne.

Ta shigo gareji ko gaisuwa babu. Ta tsaya a bakin rumfar Dogo ta wanke shi tas. Ta ce fitila ta kawo, ba ta ce a kashe mata mota ba, kafin hannunsa ya taɓa injin nan ko tari bai taɓa yi ba. Dogo ya ce shi bai kusanci wurin ba. Ta ce to aljani ne ya kusanta?

Kawu ya fito daga ofishinsa, ya saurari kowa, ya ce wa Dogo ya san doka. Idan aka tashi yau motar nan ba ta warke ba, rumfar ta zama ta wani.

Barkono ya jawo benci har gaban motar, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Dogo ya jona na'urar binciken inji, ta nuna masa layin solonoyid ne ke da matsala. Barkono ya ce ai ko na'urar ta fi mai ita ilimi, a ba ta rumfar kawai. Dogo ya duba fis, lafiya lau. Ya ciro solonoyid ɗin ya ba shi wuta kai tsaye daga batir, ya yi ƙas, ƙas, garau. Gwaggon Yara ta ce a sayo sabo a huta. Dogo ya ce ba zai sa ta sayi abin da bai mutu ba. Barkono ya ce tausayi ne ko rashin sanin inda ake sayarwa?

"Kai ɗan gajere, idan na taso sai kawunka ya tsince ka a kwata," in ji Dogo.

"Taso mana. Ka ga sai ka saba da hanyar fita."

Rana ta yi tsaka, mai abinci ta iso, kowa ya yi wajenta, har da Barkono. Dogo bai tashi ba. Ya soka fitilar gwaji a soket ɗin solonoyid, ya kunna mota, ya fara bin damin wayoyin yana murzawa da yatsa, taƙi bayan taƙi. Da ya kai ƙasan manifol sai fitilar ta ƙifta. Ya sake murzawa, ta mutu. Ya saki, ta dawo.

Ya warware tef. Ɓera idan ya ci waya yakan bar ta kaca-kaca. Zafi yakan narkar da roba. Wannan kuwa yanka ne sumul, kamar na wanzami.

Dogo ya daɗe yana kallon wayar nan. Sannan ya haɗa ta da dalma, ya mayar da tsohon tef ɗin yadda ya same shi, ya zare soket kaɗan don mota ta ci gaba da shaƙewa. Ya shiga ofis ya gaya wa Kawu abin da ya gani. Kawu ya haɗe rai, ya ce kada ya kuskura ya ambaci sunan kowa ba da shaida ba. Dogo ya ce ba zai ambata ba, shi dai Kawu ya fito ya tsaya kusa.

Da jama'a suka dawo, Dogo ya jefar da fitilarsa cikin akwati, ya ce ya gaza. Wanda zai iya, ga fili.

Gwaggon Yara ta dafe kai. Barkono kuwa ya miƙe, ya yi miƙa, ya naɗe hannun riga. Ya tambayi Kawu a gaban kowa, idan ya gyara, rumfar bakin ƙofa ta wa ce? Kawu ya ce ta wanda ya cancanta.

Bai taɓa na'ura ba, bai ɗauki fitilar gwaji ba. Ya kara kunne a jikin inji kamar likita, ya lumshe ido, ya ce shi da kunne yake aiki. Sannan ya zura hannu can ƙasan manifol, ya dafa wurin.

"Nan ne. Shuɗiyar waya ce ta yanke, ɓera ya ci ta. Gwaggo ki matso ki ga abin da ya gagari dogon banza."

Ta matso. Kowa ya matso. Ya warware tef yana murmushi, zagaye bayan zagaye.

Ga shuɗiyar waya a haɗe, dalma tana ƙyalli.

Barkono ya juya ta, ya sake juyawa. Ya leƙa sama da wurin, ya leƙa ƙasa.

"Me kake nema?" in ji Dogo. "Tef ɗin baƙi ne, wayoyi sun fi goma a ciki. Kunnenka ne ya ji launinta?"

Barkono ya yi dariyar da ba ta fito ba, ya ce ai duk irin motar nan shuɗiya ce. Dogo ya ce to ya faɗi launin ta biyun. Barkono ya hau kame-kame. Dogo ya tura soket ɗin ya zauna daram, ya ce Gwaggo ta tayar. Ta taka, inji ya amsa har ƙasa na rawa.

Sai Barkono ya juya wajen kawunsa, ya ce wasa ne fa, Kawu, shi da Dogo ne, ya bar sili ɗaya ai, bai yanke duka ba.

Gwaggon Yara ta fito daga mota a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yara tara ne a bayana ranar nan. A kan silinka ɗaya."

Kawu ya cire hularsa ya share gumi. Ya ce shi ya kawo shi wurin nan da hannunsa, don uwarsa ta roƙe shi, kuma shi zai je ya gaya mata da bakinsa dalilin da ya sa ya kore shi. Ya ce ya kwashe kayansa kafin a rufe ƙofa.

Gwaggon Yara ta ce kayan su jira tukuna. Ta buɗe ƙofar baya. Ta ce akwai gidajen da aka ce ita ce mai ganganci da ran 'ya'yan mutane, kuma gida-gida za su bi, ya tsaya a gaban kowane uba ya faɗi abin da ya yi da rezarsa.

Barkono ya dubi Kawu. Kawu ya dubi ƙasa. Barkono ya dubi ƙofar gareji, sai ya ga Dogo ya riga ya tsaya a wurin, hannu a ƙugu.

Haka ya sunkuya ya shiga, ya zauna a kujerar yara, tsakanin wata gorar ruwa da takalmi wari ɗaya da wani ya manta.

Darasi: Ku ji daga bakin gwanin tsokana. Wasan da za a gama kowa ya yi dariya, har da wanda aka yi wa, shi ne wasa. Wanda kuwa sai ka ɓoye shi a ƙarƙashin tef, mugunta ce, kuma ba wanda ka nufa kaɗai take samu ba. Kada ƙiyayyar abokin sana'a ta sa ka taɓa amanar da mutane suka kawo. Ku tura wa duk wani mai gyara da kuka sani, musamman wanda bakinsa ya fi hannunsa aiki.