Rantsuwar Mahmudu a Gangaren Hada

Ɗaso, maƙwabciyata a unguwar Tandabawi ta Makka, ita ta fara ba ni wannan labari muna tsince shinkafa. Da yayanta abin ya faru, don haka ba jita-jita na kawo muku ba.

Yayan nata wani dattijo ne, Mahmudu, da ya shekara talatin yana tuƙa bas ɗin alhazai. 'Yarsa Tahani tana auren wani Rakan. Shi ma jininmu ne, kakansa daga Kano ya zo, amma in ka yi masa Hausa sai ya yatsine fuska kamar ka taka masa ƙafa. Tun ranar ɗaurin aure jininsa bai haɗu da na surukinsa ba.

Rakan ya sayi karafan, irin motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Tahani ta nace sai an tafi da babanta garin Ɗa'if shan iska. Kwana biyu suka yi a kan duwatsu, Rakan yana ta kutsa motar cikin burji yana ɗaukar hoto.

Ranar dawowa, bayan azahar, Mahmudu ya ga an cika tankin ruwa, an loda kwalayen rumman har bakin ƙofa.

Ya ce, "Rakan, motar nan ta yi nauyi. Mu bi ta Sail. Ta fi nisa, amma gangarenta da sauƙi. Hanyar Hada ba ta son mai nauyi."

Rakan ya yi dariya, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ya mayar masa da Larabci.

"Ya ammi, wannan ba akwalar bas ɗinka ba ce, da kanta take canza giya. Je ka baya ka kwanta. In na buƙaci mai ɗaukar jakar alhazai zan kira ka."

Mahmudu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya ce, "Wallahi ba zan ƙara ce maka uffan ba har mu shiga Makka."

"Alhamdu lillahi, mun huta," in ji Rakan.

Suka kama gangaren Hada. Wanda ya san hanyar ya sani, kwana ce bayan kwana, nan dutse, can rami mai zurfin da ba a ganin ƙasansa. Mahmudu yana zaune a baya kusa da jikokinsa, ya kasa kunne. Injin shiru yake. Shi kuwa ya san in injin ya yi shiru a gangare, to birki ne kaɗai ke riƙe da motar.

Can sai ƙauri ya taso. Tahani ta je ta duba murhu, ta ga a kashe yake. Mahmudu bai duba komai ba, ya san warin.

Ya ce, "Tahani, faɗa wa mijinki ya sauke giya. Birki na ƙonewa."

Rakan ya ce, "Faɗa wa babanki ba a magana da direba."

Ba zan ɓoye muku ba, Ɗaso ta ce zuciyar Mahmudu ta raya masa ya yi shiru, yaron ya gani da idonsa. Ga rantsuwa kuma a wuyansa. Sai ya dubi ƙaramar jikarsa Hadil, ta yi barci a cinyarsa, bakinta duk ruwan rumman.

A kwana ta gaba Rakan ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Motar ta ƙara gudu. Mutumin da bai taɓa yi wa surukinsa Hausa ba ya ce, "Baba, birki."

Mahmudu ya kwantar da yarinyar, ya dafa bango ya isa gaba.

"Ja giya zuwa biyu. Yanzu ɗaya. Kar ka kalle ni, kalli hanya."

Injin ya yi kuka kamar zai fashe. Mahmudu ya kama birkin hannu, yana ja kaɗan yana saki.

"Manna ta da dutsen."

"Za ta goge, sabuwa ce."

"Ta goge. Manna ta, na ce."

Ƙarfe ya ci dutse, madubi ya tashi, kwalayen rumman suka tarwatse. Motar ta ja jiki har wani fili a gefen hanya ta tsaya, biran da ke wurin suka watse.

Rakan ya sauko da jarkar ruwa zai kwara wa tayoyin. Mahmudu ya fizge ta.

"Ƙarfen zai tsage. Bai ishe ka ba? Zauna."

Ya zauna. Sai da birkin ya huce sarai Mahmudu ya karɓi makulli, ya sauko da su a hankali. Rakan yana baya, a kujerar da ya tura surukinsa.

A ƙofar gida Rakan ya sumbaci kan surukinsa, ya roƙe shi ya yafe masa.

Mahmudu ya ce, "Yafiya sai daga baya. Ka sa na karya rantsuwa, ciyar da miskinai goma ya hau kaina. Ni zan sayi shinkafar, kai za ka ɗauki tiren."

Haka aka yi. Mutanen Tandabawi sun ga Rakan da farar jallabiyarsa, tire a ka, yana bin lungu yana gaida tsofaffi da gurguwar Hausa. Har yau ba sa hira sosai, in ji Ɗaso. Amma Rakan ba ya tayar da karafan sai ya tambayi Baba wace hanya.

Ni kuwa a satin nan ɗana Abdulwahab zai kai ni Ɗa'if. Washegarin jin labarin nan, da sassafe, na tasa shi gaba, da furfurarsa da komai, har gidan Mahmudu. Na ce ya zauna a koya masa saukowa Hada, in ba haka ba ƙafata ba ta taka motarsa.

Darasi: Kar sabuwar mota ta sa ka raina tsohon da ya san hanya. Kai kuma da aka raina, kar fushi ko rantsuwa su rufe maka baki alhali rai na cikin haɗari. Ka yi magana, ka yi kaffara daga baya. Ku tura wa duk mai tuƙi a gidanku, 'ya'yana.