Racet Ɗin Da Aka Sa Wa Bututu

A wani gari akwai wani makanike, shi da ƙanensa suna aiki a rumfa ɗaya a bakin titi. Mutumin nan ya manyanta, sanyin ƙashi kuma ya kama masa yatsu. Ido na gani, kunne na jin ciwon inji tun mota ba ta tsaya ba, amma hannu ya ƙi. In ya ɗora sifana a kan noti ya juya, kafin ya cire ya sake ɗorawa sai ya cije leɓe. Masu mota suka fara gajiya da jira. Ƙanen kuwa, Filibus, ya fara cewa ai Yaya ya yi nasa, ya koma gida ya huta. Hutu a bakinsa, amma kowa ya san rumfar yake so shi kaɗai.

Wata rana mutumin ya bi ta wurin 'yan gwangwan, sai ya hangi wani tsohon racet a cikin tarin ƙarafa. Ga wanda bai san aikin gareji ba, racet ɗan'uwan sifana ne, sai dai shi yana da haƙora a cikin kansa. Sau ɗaya za ka ɗora shi a kan noti, ka riƙa kaɗa hannu gaba da baya, yana ƙas-ƙas-ƙas, noti na kwancewa. Ga mai ciwon yatsu, wannan shi ne bambancin zama a rumfa da komawa gida. Amma wannan ɗin tsatsa ta cinye shi, kan ya daskare, ko motsi ba ya yi. Mutumin ya saye shi a farashin ƙarfen banza, ya kawo rumfa.

Da Filibus ya gani sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Yaya, kai da kwashe-kwashe. Ai 'yan gwangwan sai sun bi ka da godiya, ka rage musu shara."

Mutumin ya nemo kwano. Ya jiƙa racet ɗin a cikin kalanzir, ya bar shi ya sha. Da ƙananan kusoshin murfin suka yarda suka kwance, sai ya shimfiɗa farin tsumma a faranti ya buɗe kan a kai, don kada wani ɗan abu ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa. Abin da ya tarar a ciki ba kyan gani: tsohon giris ya haɗu da yashi ya zama kamar ƙanzo. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshi. Ɗan harshen ƙarfen da ke kama haƙora ya dakushe, ya gyara masa baki da magagari, a hankali, da yatsun nan masu ciwo. Sifirin ɗin da ke tura harshen ya mutu, babu kuma inda ake sayar da irinsa. Ya fasa wani mataccen biro ya ciro nasa, ya yanke daidai. Ya roƙi matarsa ɗigon man keken ɗinki ya sa. Da ya rufe ya kaɗa, sai ga ƙas-ƙas-ƙas. Mutumin nan ya yi murna ƙwarai, ya yi wa Allah godiya a tsaye a cikin rumfa.

Amma shi da ya ga cikin, ya san abin da ido bai gani daga waje. Tsatsa ta rage wa haƙoran kauri. Don haka ya gaya wa ƙanensa a fili cewa racet ɗin nan zai yi duk aikin cikin inji, zai kuma daɗe yana yi, amma noti mai taurin kai a fara sassauta shi da dogon ƙarfe tukuna. Filibus ya ce ya ji.

Sai ya zama aikin mutumin ya dawo. Masu motar da suka guje shi suka fara tambayar ina Baba. Filibus ma, mai dariyar nan, ya fara miƙa hannu yana ɗaukar racet ɗin ba tare da ya tambaya ba.

Ran nan mutumin ya tafi jana'iza a ƙauye. Aka kawo wata akori-kura, da noti a ƙarƙashinta wanda tsatsa ta liƙe. Dogon ƙarfen yana wurin mai faci a tsallaken titi, ya ara. Tsallaka titi kawai. Filibus ya ga wahala ce. Ya ɗauki racet ɗin, ya zura masa bututun ƙarfe a mariƙi don ya ƙara tsawo, ya ce wa mai motar, "Yayana ya cika mana kunne da gyaransa. Yau za mu ga ko gyaran na gaskiya ne." Ya danna da hannu, noti bai motsa ba. Ya sa ƙafa ya taka da duk nauyinsa. Aka ji ƙau. Mariƙin ya juya fayau, ba abin da ya kama.

Sannan ya tsallaka titin ya karɓo dogon ƙarfen, ya kwance notin ba wata wahala.

Da yayan ya dawo ya buɗe kan racet ɗin, haƙoran sun zube kamar tsakin masara. Abin da tsatsa ta bari, ƙafar ƙanensa ta ƙarasa. Ya ɗaga kai ya ce, "Filibus, na gaya maka."

Filibus ya ce, "Haba Yaya, dama kayan bola ne. Da na kirki ne ai da bai karye ba."

Mutumin ya koma kan sifana, hannu ya ƙi, masu mota suka koma layin ƙanen. Kafin damina ta fita ya tattara kayansa ya zauna a gida. Filibus kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi tun farko ya faɗa.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku saurara da kyau don da mu ake. Racet ɗin shi ne ɗan'uwanmu da ya faɗi, sha ne ko bin mata ko me, Ubangiji ya tsamo shi daga bola. Makaniken shi ne wanda Allah ya yi gyaran ta hannunsa, yawanci wata mata ce ko wata uwa da ta yi shekaru tana kuka a gwiwa, wadda zaman gidanta ya rataya a kan gyaran nan. Filibus kuwa mu ne, masu kyawawan riguna na ranar Lahadi.

Mutum ya tuba jiya, ƙafarsa ba ta tsaya ba, mu kuma sai mu ce bari mu gwada shi. Duk aikin da kowa ya ƙi a ikilisiya, a ba shi, ai mai tuba ba ya musu. A taron maza a tuna masa da tsohon halinsa, wai wasa. Har da masu aikensa saƙo unguwar da ake dafa burukutu, suna leƙe su ga ko zai wuce. Wa ya ba ku aikin gwaji? Ku da aka ce ku riƙe shi, kuka hau kansa da ƙafa. In ya sake faɗuwa, ku ne na farko a ƙofar coci kuna kaɗa kai kuna cewa dama kun sani. Ku kwana lafiya, matarsa ta kwana da mashayi a ɗaki.

Tubansa na gaskiya ne, kamar yadda gyaran nan na gaskiya ne. Rauninsa ma na gaskiya ne, kuma an gaya muku. Shi zai amsa nasa a gaban Allah, ban ɗauke masa ba. Amma a ranar nan za a kuma tambayi ƙafar wa ta taka bututun, kuma "dama mun sani" ba za ta fid da kowa ba, don sanin ne zai kama ku.