Malama Barira da Ajin Waya

Ku gyara zama ku ji wannan, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai ta faɗi hukuncinta.

A wata makarantar 'yan mata an yi wata malamar wasanni, sunanta Barira. Tun tana budurwa ba a shan gabanta a gudu. Da ta yi haihuwa ta uku, ta gama wanka ta koma aiki, sai jiki ya ci amanarta. In ta yi tsalle ko atishawa, sai fitsari ya ɗigo. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san bakin mutane: yau a ce ɗigo, gobe gari ya ɗauka cewa yoyon fitsari gare ta. Ta rubuta takardar barin aiki ta ɓoye a jaka, ga gasar gudun malamai ta jiha saura wata biyar.

Wadda ta fara gano ta ita ce Ladingo, abokiyar aikinta a fili. Ta ritsa ta a ɗakin ajiye ƙwallo ta ce, "Ke Barira, ni za ki yi wa ɓoyo? Mai gudu ta daina shan ruwa a wannan zafi, kullum baƙin zane a kan wando? Faɗa mini, ko in tambaye ki a gaban yara." Barira ta yi kuka ta faɗi, har ta nuna mata takardar barin aikin. Ladingo ta ƙwace takardar ta yaga. Ba don ita ba, da Barira ta koma gida da ciwonta. Amma ku sani, da Barira ta tafi, azuzuwanta duka a kan Ladingo za su faɗo.

Ta biyu ƙanwar Barira ce, Sa'ade. Ita ta ce akwai masu koyar da maganin wannan abu ta waya. Barira ta ce, "Masu sayar da maganin matsi za ki kai ni wurinsu? Gobe a ga hotona yana yawo." Sa'ade ba ta yi musu ba, ta zauna ta tankaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ce a sayi gari ko tsumi, ta watsar da ita. Ta samo wata likitar gashin ƙashi mai koyar da mata 'yan wasa kowace Asabar da safe, yadda za su ƙarfafa naman ƙasan mara, wanda ke riƙe mafitsara da mahaifa kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Har asibitin ta je da ƙafarta ta ga matar ido da ido. Ba don ita ba, da ba a san maganin ba. Sai dai Sa'ade ma haihuwarta biyu, kuma ba a taɓa yin ajin nan ba sai ta zauna a gefe, wai rakiya.

Mako shida ana yi, abu sai gaba yake. Barira don kunya ba ta taɓa buɗe kyamara ba, likita ba ta ganin abin da take yi. Sai ga Iya Tabawa, ungozomar da ta karɓi haihuwarta duka uku. Ita ba ta yarda da waya ba ko kaɗan, ta zo ne ta kama su da ƙarya. Ta zauna ta ji likita tana cewa a ja sama kamar mai riƙe iska a cikin taro, kuma kada a tsai da numfashi. Ta dubi Barira, ta ga ta cije leɓe, fuska ta kumbura. Ta ɗora mata hannu a ciki ta ce, "Ke 'yar nan, ɗa na huɗu za ki haifa mana? Nishin naƙuda kike yi. Matar ta ce sama, ke kina turawa ƙasa. Buɗe abin nan ta gan ki, wa bai taɓa fitsari ba?" Daga ranar aka fara ganin sauƙi. Ba don ita ba, da ajin ya zama banza. Amma ita ma, da ciwon ya bazu, hannunta za a fara zargi.

Barira ta warke, ta shiga gasa, ta zo ta ɗaya, wandonta a bushe. Ta dawo da lambar yabo guda, ta ce wuyan wadda ta cece ta za ta rataya wa. Su ukun suka zauna suna hararar juna. Ladingo ta ce Sa'ade kanta ta nema wa magani. Sa'ade ta ce Iya sunanta ta zo wankewa. Iya ta ce Ladingo aiki take gudu.

Ni ban ga mai tsarkin niyya a cikinsu ba, ban kuma ga wadda za a cire abin ya yiwu ba. To, ku faɗa mini, wuyan wa ya kamata Barira ta rataya wa lambar nan?