Jakar da Ke Hawa Kanta da Kanta

Akwai wata 'yar Kano mai suna Wasila da ta samu aiki a Dubai, a wata ƙaramar ƙungiyar adana tarihi ta wata unguwar masunta da ke bakin teku. Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Tsofaffin unguwar ne suka haɗu suka gyara wani tsohon gida, duk lokacin sanyi sai su baje kayan kakanninsu mutane su shigo kallo kyauta.

A baje kolin shekarar 2018, Wasila ce ta tsara komai. Ita ta jera tarun kamun kifi, da igiyoyin masu nutso neman lu'ulu'u, da tsofaffin hotunan jiragen ruwa. Ita ta rubuta katin bayanin kowane kaya. Tana da ƙoƙari, wannan ba a ƙwace mata ba. Sai dai irin mutanen nan ce da in sun yi digiri biyu suke ganin kunne ya gama aikinsa.

Cikin kayan akwai wata tsohuwar jakar fata mai dogon maratayi, ta bushe ta ƙandare har ana tsoron buɗe ta. Ta shugabar ƙungiyar ce, wata dattijuwar Balarabiya da ake kira Ummu Saif, ta gaje ta daga kakanta. Wasila ta rubuta mata kati: jakar ɗan kasuwar lu'ulu'u. Ta ajiye ta a kantar ƙasa, ƙarƙashin wasu tsofaffin takalman masunta.

Ummu Saif ta ja mata kunne tun ranar farko: "Komai na ɗakin nan amana ne a hannunki. Amma jakar nan ita kaɗai ta rage min daga kakana."

Rana ta uku da buɗewa, Wasila ta zo rufe ɗaki da yamma sai ta tarar da jakar a kantar sama, can kusa da hotuna. Ta sauko da ita. Bayan kwana biyu jakar ta sake hawa. Ta san in jakar nan ta yi ƙafa, aikinta da bizarta za su bi ta.

Ba ta sha wahalar neman wanda za ta zarga ba. Akwai wani dattijo Bahaushe, Malam Ɗalhatu, mai ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a kasuwar Murshid Bazaar da ke unguwar Deira. Sayen kifi ya kawo shi unguwar ranar farko, daga nan ya mayar da wurin baje kolin kamar gidansa, kullum sai ya leƙo. Ba ya kallon taru, ba ya kallon hoto. Gaban kantar nan kawai yake tsayawa yana girgiza kai.

Ya taɓa matsowa kusa da teburinta ya yi sallama. "'Yata, in ba damuwa, game da waccan jakar…"

Ta amsa masa da Turanci ba tare da ta ɗago ba, cewa ba a taɓa kaya kuma ba na sayarwa ba ne. Haka suka yi har sau uku. A ranta cewa take yi: ɗan kasuwar Deira ne, ya ga abin da zai yi tsada, yana gwada ko ana lura. Da ta duba kyamarar tsaron ɗakin ta ga shi ne ke ɗaga jakar da hannu biyu, sai zarginta ya zauna daram. Ba ta tsaya tambayar kanta wane irin ɓarawo ne ke mayar da kaya inda kowa zai fi ganinsu ba.

Ranar Asabar, ɗaki cike da baƙi, Malam Ɗalhatu ya shigo rungume da babbar leda. Wasila ta ce a ranta yau ce ranar. Ta bari sai da ya durƙusa ya ɗauki jakar, sannan ta yi wa mai gadi alama. Aka riƙe hannun tsoho a gaban jama'a. Aka zazzage ledar.

Abin da ya faɗo, 'yar kujerar katako ce ta ɗora Alƙur'ani, da farin ƙyalle a ninke.

Ummu Saif ta taso tana tambayar me ke faruwa. Larabcin Malam Ɗalhatu na kasuwa ne, bai wuce yalla da shwaiya shwaiya ba. Dole ya juya wurin wadda ta sa aka kama shi.

"'Yata, ke za ki fassara mata, don ba ni da wani bakin sai naki. Wannan ba jakar kuɗi ba ce. Gafaka ce. Dubi ɗinkin, dubi marfin. A irinta malamanmu suke ajiye Alƙur'ani rubutun hannu. Na ɗaga na ji nauyin takarda a ciki. Ni kuwa ba zan iya ganin ta ƙarƙashin takalmi in wuce in je in ci abinci ba."

Wasila ta fassara. Kowace kalma da ta juya zuwa Larabci ji take kamar tana karanta laifinta da bakinta.

Ummu Saif ta ce a kawo ruwa ta yi alwala. Malam Ɗalhatu ya nuna mata yadda ake lallaɓa marfin kada fatar ta tsage. Da ya buɗu, sai ga takardu warƙa-warƙa sun yi ja don tsufa, rubutun tawada mai kauri da jan wasali, irin wanda duk wanda ya yi makarantar allo zai gane daga nesa.

Dattijuwar ta fashe da kuka. Ta ce ta sha ji a gidansu cewa wani malami baƙar fata, matafiyi, ya zauna wurin kakanta yana koya wa yaran masunta karatu har ya rasu. Ba wanda ya san ya bar wani abu.

Abin da ya fi ƙona wa Wasila rai shi ne ta san gafaka. Akwai irinta rataye a zauren kakanta a Kano, ta girma tana wucewa ta ƙarƙashinta.

Da jama'a suka watse, ta je ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka yafe min. Na ci mutuncinka."

"Na yafe, khalas, ya wuce," in ji shi, yana ninke ledarsa. "Riƙe hannun bai dame ni ba, mai gadi aikinsa ya yi. Amma sau uku ina miki sallama da Hausa kina mayar min da Turanci. Wannan shi ne ya bi ni har gida."

Washegari ta cire tsohon katin ta rubuta sabo, da sunan Malam Ɗalhatu a matsayin wanda ya gano abin. Gafakar ta koma kantar sama, a kan kujerar da ya saya da kuɗin aljihunsa. Wasila ba ta rasa aikinta ba. Amma har aka rufe baje kolin, duk shigowar mutum sai ta ɗago ta duba ƙofa. Bai sake zuwa ba, tunda abin da ke kawo shi ya riga ya gyaru.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ba shi dama ya ƙarasa maganarsa. Zargi yana toshe kunne, kuma wanda ka raina saboda shigarsa ko sana'arsa yana iya sanin abin da karatunka bai koya maka ba. Ana iya yafe maka, amma ba lallai mutum ya dawo ba. Tura wa wani labarin nan, wataƙila yau akwai sallamar da ya ƙi amsawa.