Ƙwaryar Wanke Hannu ta Gidan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!

Ta zo mu sha labari!

Gudawa ta kama 'ya'yan Kura, autarta har ba ta iya tashi. Kura ta ruga wurin Dila mai magani.

Dila ya ce, "Kuna wanke hannu kuwa?"

Kura ta ce, "Kullum, Malam! A ƙwarya ɗaya muke tsomawa. Tun bara ban zubar da ruwan ba, saboda maiƙon da ya taru."

Dila ya toshe hanci. "Zubar da shi! Ki riƙa tsiyaya musu sabon ruwa da buta, suna cuɗawa da sabulu."

Aka yi haka, yara suka warke. Kura kuwa ta rungume busasshiyar ƙwarya tana hawaye: "Wayyo romona!"

Ƙurunƙus kan ɓera!