Mai Banda da Ya Ari Sunan Makaho

Ya 'yan uwa, a zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa, an yi wani mutum a Haɗeja mai sana'ar banda. Ba zan kama sunansa ba, don jikokinsa suna nan da ransu. Allah ya buɗa masa ƙwarai. Masunta na kawo masa kifi daga fadamun Baturiya da Auyo, ya sa a kyafe, a ɗaure a kwanduna, a loda a jirgin ƙasa zuwa Kudu. Da abin ya bunƙasa sai ya kafa kamfani, da sito da kwalekwale da ma'aikata.

To, duk wanda ya buɗe irin wannan, dole ya je ofishin En'e a rubuta sunan mai shi, ya karɓi lasisi, a yanka masa haraji daidai ƙarfinsa. Harajin nan bai fi ƙarfinsa ba ko kaɗan. Son abin duniya ne kawai ya sa ba ya son biya.

Sai ya tuna da Mala, wani tsohon masunci da ya makance. Ya ce a ransa, wa zai tsananta wa makaho? Ya riƙo hannun tsohon har ofis, ya ce kamfanin duk na Mala ne, shi yaronsa ne kawai. Malamin haraji ya yi masa kallon tsaf, ya ce, "Za ka rantse?" Mutumin nan ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban dagaci da jama'a. Aka yanka wa Mala ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Da ya koma gida, matarsa Gumsu ta ce, "Malam, Littafin Allah fa ka dafa."

Ya yi dariya, ya ce, "Ke dai kawo tuwo."

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya lau. Ya gina soro, ya sayi keke, ya yi ƙiba. Duk Juma'a yakan aika wa Mala gero da kifi, duk shekara ya ja shi ofis a sabunta lasisi. Hankalinsa kwance, yana ganin ya fi kowa wayo.

Wata damina Mala ya rasu. Ɗansa Inuwa, da ya daɗe yana su a Tafkin Chadi, ya dawo zaman makoki, ya ji gari duka na cewa ubansa ya bar kamfani. Sai ya tafi wurin alƙali neman gado.

Mutuminmu ya zo yana haki, ya ce, "Allah ya gafarta malam, wallahi dukiyata ce. A kawo Alƙur'ani in rantse."

Alƙali ya ce, "Ai ka riga ka rantse. In gaskiya ka faɗa a wancan karon, wannan gado ne. In ƙarya ka yi, ta yaya zan karɓi rantsuwarka ta biyu?"

Shi ke nan. Sito da kwalekwale da kwanduna, duka aka damƙa wa magada. Bashin kifi da masunta ke bin mutuminmu ya ci soron da keken. Inuwa ya ji tausayinsa, ya ɗauke shi aiki. Har ya tsufa yana juya kifi a kan hayaƙi, idanunsa na zubar da ruwa, yaro a kamfanin Mala, daidai yadda ya rantse.

Ya 'yan uwa, wa ya ƙwace masa dukiya? Ba Bature ba ne, ba alƙali ba ne, bakinsa ne. In ka kafa sana'a, rubuta ta da sunanka, ka biya abin da ke kanka, kada ka sa sunan Allah cikin ƙarya.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwar da za ta dawo ta cinye mu. Amin.